Mai Gadin da Yake Tsaye a Waje

Shugaban wannan zama, iyayenmu da malamanmu, shugabannin makarantu, ma'aikatan ƙananan hukumomin Rano da Kibiya, masu shagunan kafe da na POS, ƙannena ɗalibai:

Zan fara da wani dattijo da ban manta da fuskarsa ba. Shekarun baya ina kula da shafin intanet na wata makaranta, inda iyaye ke duba sakamakon jarrabawar 'ya'yansu. Aka saka sakamako ranar Alhamis. Ranar Litinin da hantsi sai ga dattijon nan a ƙofar ofis, ya taso daga wani ƙauye bayan Kibiya a kan babur, ƙura ta yi masa fari-fari a gemu. Bayan mun gaisa ya ce da ni: "Malam, sau biyu ina zuwa kafe, ana ce mini shafinku ba ya buɗuwa. Shin ku ba ku sani ba ne?" Wallahi ban sani ba. Da na bincika, sai na tarar shafin ya mutu tun ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Kwana uku. Abin da ya fi damuna, na saka wata manhaja da za ta aiko mini da saƙo idan shafin ya sami matsala. Amma a ina na saka ta? A cikin kwamfutar da take ɗauke da shafin. Da kwamfutar ta tsaya, manhajar ta tsaya tare da ita. Na ɗauki mai gadi na kulle shi a cikin ɗakin da yake gadi, ɗakin ya rufta da shi.

Wannan shi ne jigon abin da na zo faɗa muku yau. Duk wanda yake da shafin intanet da jama'a suka dogara da shi, makaranta ce ko asibiti ko ofishin gwamnati ko ɗan kasuwa, yana bukatar wani ido da yake tsaye a waje, nesa da shi, wanda ba ya shan wuta ɗaya da shi, ba ya hawa layin intanet ɗaya da shi, yana leƙo shi dare da rana. Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Gaskiya ne a ɗakin kwana. A harkar intanet kuwa, sau da yawa mai ɗaki shi ne na ƙarshen sani, domin shi ba ya shiga ta ƙofar da baƙi suke shiga.

Bari in yi wa iyayenmu bayani a taƙaice, ɗalibai su yi mini haƙuri. Kowane shafi yana zaune ne a cikin wata kwamfuta da ba a kashewa, wadda ake kira sabar, wasu kuma suna ce mata uwar garke. Tana iya kasancewa a Kano, ko Abuja, ko Legas, ko Jamus. Idan ka rubuta adireshin shafi a wayarka, wayar takan aika sallama, sabar ta amsa. Amsar tana zuwa da lamba. Idan lambar 200 ce, lafiya lau. Idan 404 ce, abin da ka nema ba ya nan. Idan 500 ce, wani abu ya kwance a cikin gidan. Idan 503 ce, sabar na nan amma ba ta iya karɓar kowa yanzu, ƙila jama'a sun yi mata yawa. Wani lokacin kuma shiru za ka ji, ko amsa babu. Akwai kamfanonin sa ido a kan shafuka, kuma aikinsu bai wuce wannan sallamar ba. Suna da kwamfutoci a ƙasashe daban-daban, kana ba su adireshin shafinka, su riƙa yi masa sallama a kai a kai. Idan duk bayan minti 5 ne, sallama 288 ke nan a kwana guda. Idan duk minti ɗaya ne, 1,440. Da zarar amsa ta ƙi zuwa, ko ta zo da lambar da ba ta dace ba, sai su aiko maka da saƙo ta imel, ko ta manhajar waya, ko ta Telegram, ko ma su kira ka. Akwai UptimeRobot, akwai Pingdom wanda aka kafa a ƙasar Suwidin, akwai StatusCake, akwai Better Stack, da sauransu. Ban zo tallata wa kowa haja ba. Wasunsu suna da tsarin kyauta mai leƙawa duk minti 5, wanda ya wadaci ƙaramin shafi, sai dai ku karanta sharuɗɗa, domin wani kyautar ba ta shafi mai kasuwanci ba. Na biya kuma da dala ake biya.

Kada wani ya zaci kuskuren da na yi na ƙananan ma'aikata ne kawai. Ranar 28 ga Fabrairu 2017, a cibiyar kamfanin Amazon da ke arewacin jihar Bajiniya ta Amurka, wani injiniya ya yi kuskure wajen rubuta umarni, ya cire sabobi fiye da yadda aka nufa daga ma'ajiyarsu mai suna S3. Shafuka masu ɗimbin yawa a duniya suka tsaya na kusan awa 4. Kamfanin yana da allon sanarwa da yake nuna wa abokan cinikinsa ko komai na tafiya daidai. Ba su iya sabunta allon ba a farkon lamarin, saboda shi ma ya dogara da ma'ajiyar da ta faɗi. Sai ta Twitter suka riƙa yi wa mutane bayani. Haka ranar Litinin 4 ga Oktoba 2021, da la'asar agogonmu, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke na kusan awa 6. Da yawanku kun tuna, wasu sun yi ta kashe waya suna kunnawa, wasu suka sake sayen data suna zaton tasu ce ta ƙare. Kamfanin da kansa ya bayyana cewa kayan aikin da injiniyoyinsa suke amfani da su wajen gano matsala sun faɗi tare da sauran, abin da ya ƙara jinkirta gyara. Idan gemun waɗannan ya kama wuta, mu da muke da sabar guda ɗaya a kan tebur kusa da janareta ai sai mu shafa wa namu ruwa.

Mutanen Rano ba baƙin wannan tunani ba ne. Garin nan na cikin Hausa Bakwai, kuma duk garin da ya yi ganuwa ya san ba a barin tsaro ga wanda yake kwance a tsakar gida. Ana sa mutum a ƙofa, ana sa wani a kan tudu inda zai hango ƙura tun daga nesa. Manoman shinkafa da ke shan ruwan Tiga su ma sun sani: yaron da ke korar jan-baki yana tsayawa ne a inda zai ga gonar gaba ɗaya, kuma ba a tura shi sau ɗaya a mako.

To me ya sa wannan magana ta shafe mu a nan, alhali ba mu da manyan kamfanoni? Saboda rayuwarmu ta riga ta hau intanet ko mun shirya ko ba mu shirya ba. Tun 2015 jarrabawar JAMB ta koma kan kwamfuta baki ɗaya. Sakamakon WAEC da NECO a shafi ake dubawa. Neman gurbin karatu, biyan kuɗin makaranta, neman bashin karatu na NELFUND, neman aikin soja ko ɗan sanda, duk ta shafi. A garin nan akwai makarantar koyon fasahar karkara da sana'o'i ta Kwalejin Fasaha ta Jihar Kano, kuma ɗalibanta kaɗai sun isa shaida kan yadda rajista ta koma ta intanet. Kuma farashin mutuwar shafi ba ɗaya ba ne ga kowa. Wanda ke zaune a birni da intanet a ɗakinsa, idan shafi ya ƙi buɗuwa sai ya sha shayi ya sake gwadawa. Wanda ya taso daga Tarai ko Durba ko Rurum ko Saji ya biya kuɗin babur, ya bar gona ko kasuwa, ya biya mai kafe, ya koma hannu rabbana. Gobe ya sake. Idan ranar rufe rajista ce, yaro na iya rasa shekara guda ta rayuwarsa. Ga mai kula da sabar, awa biyu ce ta wuce. Ga talakan ƙauye, wuni ne da kuɗin cefane.

Yanzu ga wani lissafi da nake so kowane shugaban makaranta da kowane ma'aikacin da ke sa hannu a kwangila ya riƙe. Mai sayar maka da mazaunin shafi zai ce maka shafinka zai kasance a raye kashi 99 cikin 100 na lokaci. Ka ji kamar ya yi maka alkawarin duniya. Shekara tana da awa 8,760. Kashi 1 cikin 100 na wannan awa 87 ne da ɗoriya, fiye da kwana uku da rabi. Idan ya ce kashi 99.9, ya rage saura awa 8 da kusan minti 46 a shekara. Idan ya ce 99.99, kimanin minti 53 ne. Kun ga tazarar da ke tsakanin lambobin da suka yi kama da juna. Sannan wa zai auna? Idan wanda ya sayar maka shi ne kuma yake riƙe da mudu, ba ka da bakin magana. Kamfanin sa ido na waje yana ajiye tarihi: ranar kaza, ƙarfe kaza shafi ya faɗi, ya tashi ƙarfe kaza. Da wannan takarda za ka zauna da ɗan kwangila a yi maganar gaskiya, babu rantse-rantse.

Amma ina so in tsaya a nan in ɗan daɗe, domin akwai masu saka adireshin shafin farko kawai su tafi barci, suna ganin an gama. Ƙofar gida tana iya zama a buɗe alhali ɗakin da baƙo ya zo nema a kulle yake. Mun ga misalin wannan a ƙasarmu. A zaɓen 25 ga Fabrairu 2023, sakamakon 'yan majalisar dattawa da na wakilai ya riƙa hawa shafin IReV na hukumar zaɓe, na shugaban ƙasa kuwa ya ƙi hawa a kan lokaci. A rahoton da hukumar ta fitar daga baya ta ce kuskure ne mai lamba 500, wanda ya samo asali daga yadda aka tsara manhajar. Ba siyasa na kawo ba, kowa da ra'ayinsa a kan wannan zaɓe. Abin da ya shafe mu shi ne wannan: wanda ya leƙa ƙofar shafin kawai zai iya cewa lafiya, alhali aikin da dukan ƙasa take jira ya tsaya. Saboda haka idan shafinka na duba sakamako ne, ka sa mai gadi ya leƙa shafin duba sakamakon kansa. Idan na biyan kuɗi ne, ya leƙa inda ake biya. Yawancin kamfanonin nan suna ba ka dama ka ce musu su nemi wata kalma a cikin shafin, misali sunan makarantarku. Idan shafi ya buɗe amma kalmar ba ta nan, su yi kururuwa. Wannan yana kama ranar da sabar ta amsa da 200 amma abin da ta nuna farin allo ne, ko ranar da ɓata-gari suka shiga suka sauya fuskar shafin.

Akwai kuma mutuwa iri biyu da ake sanin ranarsu tun kafin su zo, amma suna ta kashe shafuka. Ta farko ƙarewar satifiket ɗin tsaro, wanda a wasu wayoyin ke sa ɗan kwado ya bayyana kusa da adireshi. Na kyauta da Let's Encrypt ta saba bayarwa kwana 90 yake yi, dole a sabunta. Idan ya ƙare, wayar mai ziyara za ta gargaɗe shi cewa shafin ba amintacce ba ne, ya tsorata ya juya. A watan Fabrairu 2020 manhajar Teams ta kamfanin Microsoft ta tsaya na wasu awanni saboda an bar irin wannan satifiket ya ƙare. Ta biyu ƙarewar hayar sunan shafin, wanda akasari shekara-shekara ake biya. Mai gadin waje yana iya tuna maka da duka biyun tun da sauran kwanaki. Kuma a nan ina da ƙorafi a kan al'adarmu. Makaranta za ta ba wani saurayi aikin gina shafi, ya yi rajistar sunan da imel ɗinsa, ya yi rajistar komai da lambar wayarsa. Bayan shekara ya tafi bautar ƙasa ko ya sami aiki a Abuja. Saƙon gargaɗi yana ta zuwa akwatin da babu mai buɗewa. Iyayena shugabanni, sunan shafi da asusun sa ido dukiyar hukuma ce kamar takardar fili. A yi su da imel na makaranta ko na ofis, mutum biyu aƙalla su san mabuɗin.

Wani zai ce, mu sabar tamu tana cikin ofis, ba ta da adireshin da za a iya yi mata sallama daga waje. Tana riƙe da bayanan marasa lafiya ne ko na ɗalibai. Akwai dabara, kuma mun san ta a tafiya. Idan yaro ya kama hanyar Kano, uwa takan ce ya kira idan ya wuce Bunkure, ya kira idan ya hau titin Zariya. Idan lokaci ya wuce bai kira ba, ita ce za ta fara nema. Haka ake yi: sabar ce za ta riƙa aika wa kamfanin waje ɗan saƙo cewa ina nan, duk bayan wasu mintuna. Idan saƙon ya yanke, su sanar da kai. Healthchecks.io na cikin masu yin wannan. Da shi ake gane ko kwafin bayanai da aka tsara a riƙa ɗauka kowane dare yana ɗaukuwa da gaske, tun kafin ranar da za a neme shi a tarar wata shida ke nan bai yi ba. Ga mu da wuta ke ɗaukewa kullum, wannan dabara ta fi kowace amfani. Kun tuna ƙarshen Oktoba 2024, lokacin da layukan da ke kawo wuta Arewa suka lalace, Kano da maƙwabtanta suka yi fiye da mako guda a duhu. A irin wannan lokaci batir ɗin inbata yakan mutu da tsakar dare ba tare da ya yi wa kowa sallama ba.

Adalci ne kuma in faɗi abin da mai gadin waje ba zai iya ba. Yawancin kwamfutocinsu suna Turai da Amurka da Asiya. Suna iya ganin shafinka garau daga can, alhali mutumin Kibiya ba ya iya kaiwa gare shi. Ranar 14 ga Maris 2024, a farkon azumi, manyan wayoyin intanet huɗu da ke ƙarƙashin teku a gaɓar Afirka ta Yamma suka lalace: WACS da MainOne da SAT-3 da ACE. Intanet ya yi rauni a Nijeriya da Gana da Kwaddibuwa da wasu ƙasashe, manhajojin bankuna suka riƙa ƙin aiki, masu POS suka ga abin da suka gani. Shafin da ke zaune a sabar ta Turai a ranar, mai gadi na Turai zai ce yana raye, kuma bai yi ƙarya ba, amma hanyar da ke tsakaninmu da shi ce ta yanke. Haka a Satumba 2021 da aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato saboda tsaro: shafuka suna nan, mutanen ne aka yanke. Shi ya sa nake ba da shawarar a haɗa biyu. A sa na nesa, sannan a sa na kusa. Akwai manhajar kyauta mai suna Uptime Kuma da za a iya ɗorawa a ƙaramar kwamfuta. Makarantar Rano ta riƙa leƙa shafin ta Kibiya, ta Kibiya ta riƙa leƙa na ta Rano, a kan layin sadarwa daban. Ko ma a yi yarjejeniya da mai kafe guda biyu amintattu, a ba su lambar da za su kira idan shafi ya ƙi buɗuwa. Masu kafe su ne suka fi kowa sanin lafiyar shafukan ƙasar nan, kuma ba a taɓa tambayarsu.

Saura maganar wanda kururuwar za ta tasa. Saƙon da ya shiga imel ɗin da ake buɗewa sau ɗaya a mako daidai yake da babu. A sa sunan mutum takamaimai, da na biyunsa idan na farko yana asibiti ko wayarsa ba caji. A rubuta a takarda guda abin da zai fara yi: ya duba wuta, ya duba intanet na ofis, ya sake kunna sabar, ya kira masu mazaunin shafi a lamba kaza. A kuma daidaita mai gadin don kada ya cika haushi. Idan yana tashin mutum sau goma a dare kan ƙyaftawar ido, mako biyu za a yi a kashe ƙarar, ranar da ɓarawo zai zo kuma kowa na barci. A ce masa sai ya gwada sau biyu ko uku, ko ya tabbatar daga gari na biyu, kafin ya kira. Kada kuma a ba shi kalmar sirrin shugaba. Adireshi kawai yake bukata.

Idan an tabbatar shafi ya faɗi, a gaya wa jama'a nan take, ta hanyar da ba ta dogara da shafin ba: zauren WhatsApp na iyaye, saƙon waya, takarda a ƙofar makaranta, kira zuwa ga masu kafe. A ce musu ya faɗi ƙarfe kaza, ana gyara, kada kowa ya taso sai an sanar. Idan ranar rufe rajista ce, a ƙara wa'adi daidai da lokacin da aka rasa. Da na yi haka a wancan karon, da dattijon nan bai ƙona mansa sau uku ba.

Ƙannena ɗalibai, wannan sana'a ce da ke jiranku. Mutum ɗaya da waya da ƙaramar kwamfuta zai iya kula da shafukan makarantu da asibitoci goma a tsakanin Rano da Kibiya da Bunkure, yana kai musu rahoto kowane wata, ana biyansa. Shugabanni kuma, ina roƙonku kada a watse daga zauren nan sai kowa ya rubuta amsar tambaya uku a takardarsa: da sunan wa aka yi rajistar shafinmu, yaushe hayarsa za ta ƙare, kuma wayar wa za ta yi ƙara idan ya faɗi daren yau. Wanda ya zo da adireshin shafinsa ya same ni bayan sallar Azahar, mu ɗora masa mai gadi tare. Aikin bai kai minti 15 ba.